Shunin Maccido a Wuyana

Masu karatu, ku gyara zama. Ni da na saba kawo muku labarin mutane, yau Allah ya juyo da abin kaina, kuma gara ku ji daga bakina kafin Bara'atu mai ƙosai ta ƙara masa gishiri.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Tambaya, 'yar Fakku ta ƙasar Kebbe. Can anka haife ni, can na yi aure, can mijina ya rasu, kuma da an ƙyale ni can zan ƙare. To ɗana na fari bai ƙyale ni ba. Ba na kama sunansa, kun san kunyar ɗan fari, Abban Nasiha muke ce masa. Yana aiki a sakatariya a Tambuwal. Tun da ya sayi gida ya tasa ni gaba da waya safe da yamma: Inna ki dawo, Inna ba mai kula da ke, Inna nan asibiti ya fi kusa. Da anka gama kaka sai ga a-kori-kura a ƙofar gida. Anka loda gadona da adakata da turmina da ƙoraina, da akuyata guda da na rantse ba ni taka mota sai da ita. Matan Fakku sunka rako ni har bakin hanya suna kuka. Rabin kukan ƙauna ce. Rabin kuwa murna ce, asirinsu zai huta.

Na zaci irin gidajen bakin titi zai kai ni, masu gilashi da jan kwano. Ashe cikin tsohon gari ne, shiyar marina, inda lungu ya matse har motar ta tsaya nesa anka ƙarasa da kaya a ka. Gidan ƙasa ne mai zaure biyu, azara ta yi baƙi ƙirin don tsufa, katanga kuwa kaurinta jaki zai kwana bisa bai faɗo ba. Mutanen shiyar nan in ka tambaye su hanyar masallaci sai sun fara lissafa maka kakanninsu tun zamanin jihadi kafin su ɗaga hannu su nuna. Abban Nasiha ya sa tayil da fanka a ɗakin matarsa Rauda, ya shafe gaban gida da siminti. Nawa ɗakin na can ƙurya, na hana a taɓa shi, don ɗakin ƙasa ya fi sanyi.

Kwanakin farko na sha wuya. Abinci ga shi, ruwa ga shi a firji, amma labari babu. Rauda yarinyar kirki ce, ladabi kamar ta kwanta a taka, sai dai Allah bai ba ta kunne ba.

"Rauda, wacece wagga mai ɗaga murya bayan katanga?"

"Wallahi Inna ban sani ba."

"To wa ya haihu anka yi guɗa jiya?"

"Ba na shiga harkar mutane, Inna."

Na dube ta, na tausaya wa ɗana. Shi kuma in ya dawo aiki magana ɗaya ce: "Inna, nan ba Fakku ba ce. Ki huta, ki ja carbinki." Ya sayo mini waya mai shafawa don in rage kewa. Ita ce ta riƙe ni, ina aika wa ƙawata Hamdiya saƙon murya can Fakku tana aiko mini. Amma labarin waya kamar tuwon jiya ne, ana ci don dole.

Akuyata ce ta cece ni. Wata hantsi na ishe ta bayan ɗakina tana cin wani tsohon zana da anka jingina da katanga. Na kore ta, zanan ya zube, sai ga 'yar ƙofa ta katako, gajeruwa, sai mutum ya duƙa zai wuce. Da wata matar ce, da ta tafi ta kira mai gida. Ni na tura.

Wata tsohuwa na gani zaune tana tankaɗe, siririya, bakinta ja da goro. Ko firgita ba ta yi ba.

"Sai yau?" in ji ta. "Tun ranar da kunka sauka nika jin tarinki. Shigo, ki kula da kanki, azarar ta sha goshin mata da yawa."

Ita ce Batula. Kafin azahar na san wa ya saki wa, wa ya mai da wa, da wanda ke zuwa masallacin asuba don a gan shi. Na ji jini ya dawo mini jiki. Ta ba ni tarihin ƙofar: kakannin gidajen biyu aminai ne, marina duka, sunka huda katanga don matansu su riƙa miƙa wa juna garwashi da gishiri ba sai sun taka titi ba. Mutanen da sunka sayar wa ɗana gidan ne sunka rufe ta a kan rigimar kaza.

"Doka guda gare ta," in ji Batula. "Ƙwaryar da ta ƙetare ba ta komawa wofi."

Washegari na daka geron Fakku, na sa citta da kanumfari da ɗan barkono, na dama fura da kindirmo na miƙa. Ƙwarya ta dawo da goro. Na sake miƙawa, ta dawo da dabino. Daga nan sabulu mai ƙanshi, daga nan 'yar kwalbar turare. Na ce a raina, Batula ga jiki kamar tsinke amma akwai hannun kyauta.

Yanzu bari in kawo muku mutumin. Batula tana zaune ne da yayanta, Malam Maccido, marini ɗan marini. Dogon tsoho, farin gemu, ba ya haɗa magana uku a jere. Tun da matarsa Mu'minatu ta rasu shekarun baya ya rufe karofinsa, ya koma zama gindin darbejiya da rediyo. Wata rana na duƙo da ƙwarya na ishe shi yana alwala a tsakar gida. Bai ɗago ba ya ce:

"Sannu, ta Fakku. Furarki ta hana ni cin tuwon Batula."

Ni da jikoki, na ja mayafi na rufe fuska. Na juya da sauri, azarar ta sha goshina. Har na shiga ɗaki ina jin dariyar Batula.

Ba a jima ba labari ya cika shiya: Maccido ya buɗe rami guda a karofi. An gan shi yana zuba baban rini da toka, an gan shi yana motsawa da sanda, hannunsa ya koma shuɗi har gwiwa. Kowa na tambayar wa yake yi wa rini. Irin wannan aiki ai nawa ne. Na zauna na auna zawarawan shiya ɗaya bayan ɗaya, na tsaya kan Bara'atu mai ƙosai, don an ce ƙosanta ya fi girma in shi ne mai saye. Na gaya wa mai kitso. Na gaya wa mai kawo nono. Har Hamdiya na aika wa, ita da ba ta san ko ɗayansu ba.

"Batula, Bara'atu ce, ko in ci zanena."

"Haka kika gani?" in ji ta, tana duban tankaɗenta.

"Idona bai taɓa kuskure ba."

"Madalla da idonki."

Ana gobe sunan jaririn gidan Na'Allah, maƙwabcinmu na gaba, ƙwaryata ta dawo da nauyi. Na ɗaga faifai, sai ga zane baƙi mai shuni, an buge shi yana ƙyalli kamar bayan tattabara.

"Daga gidanmu," in ji Batula, ta ja ƙofa.

Za ku ce ai na gane. To ku saurara. Gidan marina ne, Batula kanta irinsa take ɗaurawa, na ɗauka cikin adakarta ta zaro. Kuma a Fakku zane zane ne, ka saya a kasuwa ka ɗaura, ba ya magana. In akwai wani lungu a zuciyata da ya yi zargi, to ban leƙa shi ba, don zanen ya yi kyau.

Ranar suna na yi wanka da sabulun nan, na shafa turaren nan, na ɗaura zanen har ƙirji na yafa gefensa a wuya. Na sa farar riga mai aiki a hannu, ɗankwali ruwan ƙwai, 'yan kunnen azurfa na tun aurena, kwalli ya zauna raɗam. Rauda ta ce, "Inna, yau kin fito." Na ce mata kullum a fite nake, ita ce ba ta dubawa.

Na yi sallama tsakar gidan Na'Allah, mata cike, ana rabon tuwon shinkafa. Sallamar ba ta samu amsa ba. Mai zuba miya ta tsaya da ludayi a sama. Can wata tsohuwa ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, saura sunka ɗauka. Na waiga in ga amaryar da ta shigo bayana. Babu kowa.

Bara'atu ce ta taso, hannu a ƙugu, tana murmushi har kunne.

"Ke ce ta Fakku da ke yawo da sunana wai ni Maccido ka yi wa rini?"

"Ni? Ji na yi ana faɗi."

"To ga rini ya fito. Jikin wa?"

"Batula ta ba ni."

"Batula ba ta rini, baiwar Allah. Nan shiyagga, in marini ya tsoma zane da hannunai ya aika wa macce, neman aure na. In ta mai da shi cikin ƙwarya, shi ke nan, ba wanda ya ji. In ta ɗaura ta fito cikin mutane, ta amsa. Ke kuwa har da turarenai."

Na kai hannu wuya na duba tafina. Shuɗi. Sabon shuni ne, zufa ta narkar da shi ya kama ni tun daga wuya har kafaɗa. Mai jego da ke kwance tana jinya sai da ta riƙe ciki don dariya. Tuwon ma ban ci ba, kuma an ce har da man shanu.

Na koma gida na dirje wuyana da soso har ya yi zafi. Shuni ya ce yana nan. Kafin la'asar waya ta yi ƙara, Hamdiya ce daga Fakku: "Tambaya, an ce kin yi miji a birni, mai shuɗin hannu. Ashe Bara'atun da kika faɗi ke ce? Mata na nan sun ce a gaishe ki." Ina jin muryoyinsu a baya suna shewa. Yau na san yadda abin yake in kai ne a faranti. Wa ya kai labarin Fakku cikin yini guda, har yanzu bincike nake.

Na tura ƙofa na ishe Batula.

"Don mi ba ki gaya mani ba?"

"Da na gaya maki, da kin ɗaura?"

"A'a."

"To."

Bayan la'asar Abban Nasiha ya shigo ko hula bai cire ba. Ya tsaya bakin ɗakina yana duban ƙasa. Ashe a masallaci dattawa sunka kewaye shi suna ba shi hannu, wai barka, ya yi uba.

"Inna, wace ƙofa ce aka faɗi?"

Na nuna da haɓa. Ya je ya duba ya dawo.

"Ni ma'aikaci ne, Inna. Nasiha ta kusa kammala makaranta, manema za su fara zuwa. A ce kakarta na zawarci ta ramin katanga? Na kawo ki ki huta ne. Gobe Gazali magini zai zo da bulo."

Da wani ne da na wanke shi tas. Amma ɗan fari ne, ba a sa-in-sa da shi, ko ido ba mu haɗawa. Ya juya ya fita.

A nan zan gaya muku gaskiya. Ba tsegumin nake jin rasawa ba, ko da yake shi ma zan yi kewarsa. Tun da mijina ya rasu, kowa in ya zo gaishe ni tambayarsa ɗaya: ina ke ciwo? Gwiwa ko baya? Ba wanda ya sake tambayata me nake so. Sai ga wani ya buɗe ramin da ya rufe shekaru, ya ɓata hannunsa har gwiwa, saboda ni. In bulo ya hau ƙofar nan, na koma tsohuwar ƙurya mai carbi, ana miƙo mata abinci.

Duk da haka na ninke zanen na sa a ƙwarya na rufe da faifai. Na ce da safe in mayar, ɗana ya huta da kunya.

Da safe ina shan koko saƙo ya shigo daga wayar Batula. Na danna, sai muryar namiji.

"Salamu alaikum. Maccido na." Can muryar Batula: "Ka danne, kar ka saki." Ya ci gaba: "Na ji an yi maki dariya sabili da ni. Ki gafarce ni, na aza Batula ta yi maki bayani. In ba ki so, ki maido, ni zan gaya ma mutane kuskure na. In kuwa kina so... ni dai ba ni da yawan magana. An ce ke kina da ita. Sai a haɗa." Batula ta ce, "Saki yanzu." Ya ce, "In saki mi?" Saƙon ya yanke.

Ban san sau nawa na saurara ba, kokon dai ya huce. Na buɗe faifai, na zaro zanen na ɗaura. Na wanke ƙwaryar na dama fura.

Gazali ya iso da hantsi yana turo baro cike da bulo, buhun siminti a kai. Ya ishe ni zaune kan 'yar kujerata a cikin ƙofar, don na gaya muku kaurin katangar, mutum na zama cikinta daram. Ƙafa ɗaya gidanmu, ƙafa ɗaya gidan su Batula, ƙwarya a cinya.

"Ina kwana, Inna. A ɗan gusa mani."

"Wane gefe?"

"Ko wane."

"To ka jira wanda ya aiko ka ya zaɓa."

Ya sauke baro ya zauna kan bulonsa. Ba a jima ba Abban Nasiha ya fito da shirin ofis, ya gan ni, ya ga zanen, ya ga wuyana. Ya buɗe baki ke nan, sai ga Rauda da matashin kai. Ta durƙusa ta sa mini a baya don kar katanga ta ci ni, sannan ta juya wajen mijinta, murya ƙasa-ƙasa.

"Abban Nasiha, ka yi haƙuri in faɗi magana. Tun da Inna ta zo gidan nan ban taɓa jin dariyarta ba sai ta wannan ƙofa. Ko an tambaye ta?"

Yarinyar da na ce ba ta da kunne. Allah ya yafe mini.

Sai ɗana ya tattare rigarsa ya tsuguna a gabana, abin da bai yi ba tun yana ɗan makaranta.

"Inna, ke mi kika so?"

Ban iya duban sa ba. Na dubi magini.

"Gazali, ka gaya ma mai gidanga, katanga tashi ce, bulo nashi ne. In ya ce a toshe, a toshe."

Na juya na miƙa ƙwaryar furar ta ɗaya gefen. Hannun Batula ya karɓe, dama tana laɓe. Kowa ya ga abin da ke cikin ƙwaryar, kowa ya ga abin da ke jikina.

Daidai nan anka yi sallama a zaure. Gazali ya leƙa ya dawo yana danne dariya. Malam Maccido ne da limamin shiya da dattawa biyu, sun sha manyan riguna, sun ce mai gida suke nema. Wai liman ya ce a shari'a ɗa ne ake fara tambaya auren uwarsa. Zufa ta keto wa ɗana. Ya dubi bulo, ya dubi zaure, ya ce wa Gazali, "Dakata tukuna." Ya ce wa Rauda ta miƙo masa babbar riga.

Yana shiga zaure na cire takalmi na lallaɓa na manna kunne a bango. Na saurari maganar auren mutane ta bayan bango ba adadi, ban taɓa sauraron tawa ba sai yau. Na ji numfashi kusa da ni, na waiga. Rauda ce, ita ma kunne a bango.

"Matsa kaɗan, Inna, ba na ji sosai."

Anka yi gaisuwa mai tsawo, anka tambayi gida da aiki da sanyi. Liman ya yi bayani. Daga wajen Maccido tarinsa kawai na ji. Can ɗana ya yi gyaran murya.

"Baba Maccido, ni yaro ne a gabanku. Sharaɗina guda. Ƙofar can ta baya, tunda magini ya riga ya zo, a ɗaga ta a faɗaɗa. Uwata ba za ta riƙa duƙawa tana buga goshi ba in za ta zo ganin jikokinta."

Rauda ta matse mini hannu. Na ji dattawa na sa masa albarka. Na fara lallaɓawa baya in riga kowa kai wa Batula, sai muryar liman ta tsai da ni.

"Madalla, Abban Nasiha. Saura guda. Budurwa shirunta ya isa, amma bazawara sai ta faɗi da bakinta, gaban waliyyinta da shaidu. Zane al'ada ta, ba shari'a ba. A kira ta." Ya ɗan dakata. "Ko da yake ba sai an yi nisa ba. Ga inuwar mutum biyu nan bakin ƙofa."

Ni Tambaya, da tun da anka yaye ni ba a taɓa roƙona in yi magana ba. Ga ɗan fari zaune, ga liman, ga mai shuɗin hannu ya sunkuyar da kai yana murza carbi. Na buɗe baki in gwada ko da sallama ce, babu abin da ya fito.

Rauda ta gyara mini mayafi, ta bar shunin wuyan a buɗe, ta sa hannu biyu a bayana ta tura.